Kama da wane ba ta wane: labarin Lamar Jackson da masu kwatanta yara

A watan Fabrairu na 2018, wani dattijo da ake jin maganarsa a harkar ƙwallon Amurka, mai suna Bill Polian, ya shiga wani shirin rediyo ya yanke wa wani saurayi ɗan shekara 21 hukunci. Saurayin shi ne Lamar Jackson, ɗalibin jami'ar Louisville da ke jihar Kentucky. Polian ya ce yaron gajere ne, ba shi da kaurin jiki, kuma jifansa bai kai na tsaransa ba, don haka gara ya bar gurbin da ya taso a ciki ya koma cikin masu gudu suna cafke ƙwallo. Kafin a cika shekara biyu da wannan magana, an zaɓi saurayin gwarzon ɗan wasan gasar NFL baki ɗaya, a gurbin nan da aka ce ya bari. Mutum 50 ne suka jefa ƙuri'a, kuma dukansu shi suka zaɓa.

Na san yawancinmu ba mu damu da wannan wasa ba. Mu ƙwallon ƙafa muka sani, sai kokowa. Abin da ya sa na ɗauko labarin shi ne, kuskuren da aka yi a kan Jackson kuskure ne na kwatance, kuma kwatance sana'armu ce ta kullum, mu malamai da iyaye. Bambancin kawai, a can ana rubuta kowane jifa da kowane taku, saboda haka idan an yi wa yaro mummunan kwatance ana iya komawa a duba inda aka kauce. A ajinmu da tsakar gidanmu babu mai rubutawa, maganar ta fita ta fita ke nan. Ra'ayina shi ne kwatance yana da amfani muddin ya tsaya a kan aiki ɗaya da ake iya gani a auna. Da zarar ya zama "ai wannan irin wane ne", to ya tashi daga bayani ya koma hukunci, kuma hukuncin da aka gina a kan kama yawanci ƙarya ne.

Yadda wasan yake

Ga wanda bai taɓa gani ba, ana yin wasan ne mutum 11 da 11, da ƙwallo mai siffar ƙwai wadda ake riƙewa a hannu. Tsawon filin yadi 100 ne tsakanin gida da gida, yadi irin na mai sayar da atamfa, wato ya ɗan gaza mita ɗaya. Ƙungiyar da ke kai hari tana da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10. Idan ta samu, a sake ba ta wasu huɗun. Wanda ya kai ƙwallo gidan abokan hamayya ya samu maki shida, shi ne babban ci.

Kowane hari yana farawa daga hannun mutum ɗaya, wanda suke kira kwatabak. Shi ne madugun tafiya. Shi ke karɓar umarnin mai horarwa, ya dubi yadda masu tsaron ɗaya ɓangaren suka jeru, ya canza dabara idan ya ga tarko, sannan cikin daƙiƙa biyu ko uku ya zaɓi ɗaya: ya jefa wa mai cafkewa, ya miƙa wa mai gudu, ko ya ruga da kansa, alhali ƙarti masu nauyin kilo 120 suna tahowa su kayar da shi. Aikin kai ne kafin ya zama aikin hannu.

A Amurka jami'o'i ne ke renon ƴan wasan. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar sama da mutum 100,000, ya fi ninki biyu na filin Seyni Kountché na Yamai. Kowace shekara a watan Afrilu ƙungiyoyi 32 na NFL suna zama su zaɓi ɗaliban da suka gama, zagaye bakwai, kuma ƙungiyar da ta fi shan kashi bara ita ke fara zaɓe. Kafin ranar, masu tantancewa suna rubuta rahoto a kan kowane yaro, kuma al'adarsu ce su rufe rahoton da sunan wani tsohon ɗan wasa da suke ganin yaron ya yi kama da shi. Wannan suna guda yana iya ɗaga yaro ko ya kayar da shi, domin mutane sun fi riƙe shi a kan shafi goma na bayani.

Sunan da aka liƙa wa Jackson

Shekaru da dama samfurin kwatabak a idon Amurkawa ɗaya ne: dogon mutum da ke tsayawa cikin shingen da abokansa biyar suka yi masa, ya karanci fili, ya yi jifa, ba ya gudu sai dole. Peyton Manning da Tom Brady su ne misali. A gefe guda akwai wani salon, na wanda ƙafarsa makami ce kamar hannunsa, kuma sunan da ya fi fice a nan shi ne Michael Vick, wanda ya fito daga jami'ar Virginia Tech, ƙungiyar Atlanta ta ɗauke shi a lamba ta ɗaya a 2001.

A watan Satumba na 2016 Louisville ta lallasa Florida State da maki 63 da 20, Jackson ya ci sau huɗu da ƙafarsa, sau ɗaya da jifa. Daga ranar sunansa ya koma "sabon Vick". Shi kansa Vick ya fito ya ce yaron ya fi shi sau biyar a lokacin da yake jami'a. A ƙarshen shekarar Jackson ya karɓi kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ƙwallon jami'o'i, yana ɗan shekara 19, kuma ba a taɓa ba wanda ya kai shi ƙuruciya ba.

Kwatancen yana da gaskiyarsa. Su biyun suna da saurin da ke sa mai tsaro ya rungumi iska, su biyun suna iya wurga ƙwallo nesa da ɗan motsin wuyan hannu. Amma a duba aikin da kowannensu ya yi a jami'a. Vick bai kai jifa 200 ba a kowace kaka cikin biyun da ya buga. Jackson ya haura jifa 400 a 2016, ya sake haurawa a 2017. A 2016 jifansa ya ci yadi 3,543, wato a shekara ɗaya ya zarce abin da Vick ya tara a shekara biyu, ga kuma yadi 1,571 da ya ci da gudu. Ci 30 ya bayar da jifa, 21 ya ci da ƙafa. A 2017 ya ƙara a kan haka: yadi 3,660 na jifa, 1,601 na gudu. Kuma mai horar da shi, Bobby Petrino, mutum ne da ya taɓa aiki a NFL, tsarin harinsa yana neman kwatabak ya karanci masu tsaro ya bi masu cafkewa ɗaya bayan ɗaya, kusan yadda ƙwararru ke yi.

To me ya sa ba a ga wannan ba? Domin gudu ya fi jifa ɗaukar ido. Mai haɗa labarin wasanni na minti biyu zai nuna inda yaro ya tsallake mutum ya wuce, ba zai nuna jifa goma na yadi takwas takwas da suka kai ƙungiyar wurin ba. Abin da ya fi haske a jikin yaro shi ya rufe sauran. Da aka ce "sabon Vick", mutane suka ɗauko duk abin da suka sani game da Vick, har da sukar da aka daɗe ana yi masa cewa jifansa ba ya daidaita, suka ɗora wa Jackson kafin su duba nasa.

Ma'auni biyu a kasuwa ɗaya

A zaɓen 2018 an ɗauki kwatabak huɗu kafin Jackson: Baker Mayfield a lamba 1, Sam Darnold a 3, Josh Allen a 7, Josh Rosen a 10. A nan ne ake ganin ramin da ke cikin maganar Polian.

An ce Jackson gajere ne. Tsawonsa mita 1.88. Mayfield, wanda aka ɗauka na farko, mita 1.85 ne. An ce jifansa ba ya zuwa inda aka nufa. Lalle a nan akwai abin dubawa, don cikin kowane jifa 100 da ya yi a jami'a, kimanin 57 ne suka isa hannun abokinsa, alhali Mayfield ya kai 70 a shekararsa ta ƙarshe. Sai dai Josh Allen na jami'ar Wyoming yana kan 56, ƙasa da Jackson. Allen dogo ne, mita 1.96, farar fata, ya yi kama da samfurin da aka saba. Shi aka ce ɗanyen ƙarfe ne da ke buƙatar maƙeri, a ba shi lokaci. Jackson kuwa aka ce ya nemi wata sana'a. Aibi ɗaya, fassara biyu. Allen ya samu lokacin, ya gyara jifansa, har ya zama gwarzon NFL a kakar 2024, abin da ke nuna haƙurin da aka yi da shi daidai ne. Tambayar ita ce me ya hana a yi wa ɗayan irin wannan haƙuri.

Amsar tana cikin tarihin ƙasar. An daɗe a Amurka ana ganin baƙar fata na gudu ne, jagoranci da karatun fili na wasu ne. A 1968 Marlin Briscoe ya jagoranci harin Denver, ya bayar da ci 14 a shekararsa ta farko, amma ba a sake ba shi gurbin ba, sai da ya koma mai cafkewa a Buffalo. Warren Moon ya kai jami'ar Washington ga nasara a babban wasan Rose Bowl na 1978, amma babu ƙungiyar NFL da ta zaɓe shi. Ya tafi Kanada, ya ci kofin ƙasar sau biyar a jere tare da Edmonton, sannan a 1984 Houston ta ɗauke shi. A 2006 aka sa shi cikin zauren gwarazan wasan, kwatabak baƙar fata na farko da ya shiga. Sai a watan Fabrairu na 2023 aka fara ganin wasan ƙarshe na Super Bowl da baƙaƙe biyu ke jagorantar ɓangarorin biyu, Patrick Mahomes da Jalen Hurts.

Ban ce Polian mugu ba ne, kuma ba jahili ba ne. Shi ya gina ƙungiyar Buffalo da ta je Super Bowl a jere a farkon shekarun 1990, shi ya zaɓi Peyton Manning a 1998. Wannan nasarar ce ma ta zame masa tabarau. Mutumin da ya taɓa dacewa da samfuri ɗaya yakan riƙa neman irinsa har abada. A watan Nuwamba na 2019 ya fito ya amsa cewa ya yi kuskure, ya ce da tsohon ma'auni ya auna yaron. Malamin da ya shekara 25 a aji ya fi sabon malami fuskantar wannan haɗari, domin shi ke da tarin tsofaffin fuskoki a kai da zai liƙa wa sabbi.

Uwa da ƙungiya

Abu biyu suka tsaya wa Jackson. Na farko mahaifiyarsa. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara takwas, ita ta rene shi a Pompano Beach da ke jihar Florida. Lokacin da jami'o'i ke zawarcinsa, sharaɗinta ɗaya ne: ɗanta kwatabak ne, ba za a mayar da shi wani abu ba. Louisville ta yi alkawari. Da aka gwada shi wata rana a atisaye a wani gurbi na masu gudu, ta buga waya ta tuna musu da alkawarin, aka daina. A 2018, wurin gwajin da ake yi wa masu neman shiga NFL, Jackson ya ƙi yin tseren yadi 40 da kowa ke yi. Daga baya ya ce wani mai tantancewa ne ya tambaye shi ko zai gwada gurbin cafkewa, shi ya sa ya ƙudura jifa kawai zai nuna musu. Ya gane cewa idan ya ba su lambar gudunsa, ita kaɗai za su riƙe.

Na biyu ƙungiyar Baltimore. Ta ɗauke shi a lamba 32, ta ƙarshe a zagayen farko, bayan ita kanta ta fara ɗaukar wani a lamba 25. A tsakiyar kakar 2018 kwatabak ɗinsu Joe Flacco ya ji rauni, aka sa Jackson, suka ci wasa shida cikin bakwai. Sai mai horarwa John Harbaugh da mataimakinsa Greg Roman suka yi abin da ba kowa ke yi ba: maimakon su tilasta wa yaro ya shiga rigar Flacco, suka warware tsarin harin suka sake ɗinka shi daidai jikinsa. A 2019 Baltimore ta ci wasa 14 cikin 16. Jackson ya ci yadi 1,206 da gudu, ya karya tarihin 1,039 da Vick ya kafa a 2006. Abin da ya fi wannan, ya bayar da ci 36 da jifa, ya fi kowane kwatabak a gasar. A 2023 ya sake zama gwarzo, a shekarar da ya sa hannu a kwantiragin dalar Amurka miliyan 260 na shekara biyar. A 2024 ya bayar da ci 41, jifa huɗu kacal suka faɗa hannun abokan hamayya.

Shi kuwa Josh Rosen, wanda aka ce ya fi kowa kama da samfurin gargajiya kuma ya fi kowa shiri, shekara ɗaya ya yi a Arizona aka sayar da shi, aka maye gurbinsa da Kyler Murray, ɗan gajere mai gudu.

Abin da masu suka ke da shi

Kada a ɗauka ina cewa duk wanda ya ba yaro shawarar ya sauya hanya azzalumi ne. Masu shakka a kan Jackson suna da hujjojin da ba na banza ba. Robert Griffin, wanda ya ci Heisman a 2011, mai gudu ne shi ma, ya haskaka a shekararsa ta farko a Washington, gwiwarsa ta lalace a watan Janairu na 2013, bai sake komawa yadda yake ba. Tim Tebow, farar fata, ya ci Heisman a 2007, an yi ta ba shi shawarar ya sauya gurbi ya ƙi, kuma jifansa bai taɓa isa na NFL ba. Julian Edelman kwatabak ne a jami'ar Kent State, ya yarda ya koma mai cafkewa a New England, har ya zama gwarzon wasan Super Bowl a watan Fabrairu na 2019. Wani lokaci sauya hanya shi ne alheri.

Haka kuma raunin da aka gani a jifan Jackson na gaske ne. A shekararsa ta farko a NFL yana kan 58 cikin 100. Ya koma ya yi aiki a kan tsayuwar ƙafarsa da sakin hannunsa, a 2019 ya kai 66. Da ya ce masu suka maƙiya ne kawai ya kwanta, da maganarsu ta tabbata. Kuma har zuwa ƙarshen kakar 2024 bai kai ƙungiyarsa Super Bowl ba, Kansas City ta Mahomes ta tare shi da maki 17 da 10 a watan Janairu na 2024, a wasan da ya rage kafin na ƙarshe.

Saboda haka gardamata da Polian ba a kan ya ga aibi ba ce. Aibin yana nan. Inda muka rabu shi ne abin da ya yi da aibin. Wanda ya ce "jifanka yana kan 57, na Mayfield 70, ga abin da ƙafarka ke yi lokacin da ka kauce" ya ba yaro aikin yi gobe da safe. Wanda ya ce "irinku ba sa yin wannan aiki" bai ba shi komai ba sai ƙofar fita.

A ajinmu da gidanmu

Mu ma muna da "sabon Vick" namu. A filin kokowa da zarar matashi ya kayar da mutum uku za ka ji an fara kiransa da sunan wani tsohon sarki. Wannan wasa ne, bai cika cutarwa ba. Na lakol da na gida su ne masu ciwo.

Yaro ya shigo aji ranar farko, malami ya ga sunan mahaifi, ya ce "kai ƙanen wane ne? To Allah ya sa ba halinku ɗaya ba." An gama da shi tun bai buɗe littafi ba. Ko kuma akasin haka, yayarsa ce ta farko a aji shekara uku da suka wuce, sai duk abin da ya yi a ce bai kai ta ba. A gida uba ya karɓi takardar sakamako, bai dubi darasi ko ɗaya ba, tambayarsa ita ce ɗan maƙwabci na nawa ya zo.

Akwai kuma abin da ya fi haske yana rufe sauran, kamar gudun Jackson. A makarantunmu wannan abu Faransanci ne. Yaron da ya taso a gidan ma'aikaci, bakinsa ya saba da harshen, yana ɗaga hannu yana zuba magana, shi ke kama da "mai ƙoƙari" a idonmu. Yaron da ya zo daga ƙauye, wanda sai ya juya tambaya zuwa Hausa a kansa kafin ya amsa, shi ke kama da "mai nauyin kai", ko da kuwa shi ke fara gano amsar lissafi. Idan na farko ya faɗi jarrabawa mu ce bai yi karatu ba ne, zai gyara. Idan na biyu ya faɗi mu ce iyakarsa ke nan, a kai shi koyon sana'a. Ashe ba ma'aunin Allen da Jackson ba ne wannan? Haka ake yi wa yarinya bayan BEPC, a tura ta ɓangaren adabi don "mata ba su cika iya lissafi ba", ba tare da an buɗe takardunta na shekara huɗu an ga makinta ba. Haka ake yi wa ɗan maƙeri da ɗan mahauci, a tuna musu da sana'ar gida duk ranar da suka yi tuntuɓe.

Kwatancen yabo ma bai kuɓuta ba. A 2024 aka ɗauki Caleb Williams a lamba ta ɗaya ana kiransa sabon Mahomes, a shekararsa ta farko a Chicago aka kayar da shi sau 68 da ƙwallo a hannu, fiye da kowa a gasar, kuma kowane kuskurensa da Mahomes ake auna shi. Yaron da aka ce masa "kai ne likitan gidan nan kamar kawunka" tun yana aji uku, an ɗora masa kayan da bai san nauyinsu ba. Ranar da ya gano zuciyarsa tana wurin noma ko injin mota, zai ji kamar ya ci amanar gida.

Ba na cewa a daina kwatance, don ba zai yiwu ba. Malamin da ke da aji cike maƙil ba shi da lokacin da zai yi wa kowane yaro nazarin da ƙungiyar NFL ke yi, dole ya nemi gajeriyar hanya. Abin da nake roƙo shi ne a rage wa kwatancen faɗi. A kwatanta rubutu da rubutu, lissafi da lissafi. "Dubi yadda Hadiza ke jera aikinta layi layi, gwada haka" magana ce mai amfani. "Me ya sa ba ka zama kamar Hadiza ba" ba ta koya wa kowa komai, sai dai ta sa ya tsani Hadiza. Kuma kafin a kwatanta yaro da kowa, a fara kwatanta shi da kansa na zangon da ya wuce. Wanda ya tashi daga 6 zuwa 9 bisa 20 ya yi tafiyar da ta fi ta wanda ya zauna a 13 shekara biyu, ko da yake har yanzu yana ƙasa da shi.

Sannan duk lokacin da wani tsohon ɗalibi ya faɗo mana a rai muna kallon sabo, mu tambayi kanmu me ya haɗa su. Aikinsu ne, ko garinsu, ko gidansu, ko yadda suke magana? Masu tantancewa a Amurka sun shekara da shekaru suna kwatanta baƙi da baƙi kawai, farare da farare, ba su lura ba. Idan duk yaran ƙauye da junansu muke kwatanta su, mun faɗa rami ɗaya.

Ga iyaye kuma, abin koyi a wurin mahaifiyar Jackson shi ne ta san abin da ɗanta ya iya don ta gani da idonta shekara da shekaru, kuma ta tsaya a kansa lokacin da manya suka so su karkatar da shi. Wannan ya bambanta da uban da ya ƙi jin gaskiya don girman kai. Tsayawa irin tata tana buƙatar a buɗe littattafan yaro, a je lakol ba sai ranar da aka kira mutum don laifi ba, a zauna da malami. Wanda bai yi boko ba ma yana iya tambaya: a wane darasi ya ci gaba, a wane ya ja baya, me kuka gwada?

A watan Afrilu na 2024, Washington ta ɗauki Jayden Daniels na jami'ar LSU a lamba ta biyu. Siriri ne, mai gudu, ya ci Heisman a 2023. Babu wani mai faɗa a ji da ya ce ya koma mai cafkewa. Sunan da aka liƙa masa shi ne "sabon Lamar Jackson". Cikin shekara shida, yaron da aka ce bai dace da samfuri ba ya zama samfurin da ake auna wasu da shi, kuma ba shakka akwai wani ɗalibi yanzu a wata jami'a da za a raina don bai yi kama da Jackson ba. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce kama da wane ba ta wane. Idan takardun wannan zango suka fito, mu karanta na kowane yaro da sunansa, darasi bayan darasi, kafin mu tambayi na ɗan wani.